Kafar da Na Bari a Shingen Kajina

Gyara zama ki rubuta, ɗiyata. Ke kika yi makaranta, ni ko sunana aka zana a ƙasa sai in taka shi in wuce ban sani ba. Ki rubuta da Hausarku ta takarda, amma inda mutanena suka yi magana ki bar musu bakinsu yadda yake. In kin ga na yi shiru ina share ido da gefen zane, kada ki ce in yi haƙuri. Na ci haƙuri har ya gundure ni. Ki jira kawai, zan ci gaba.

Tun da kika auri autana kike ganina ina bin kazar can wake-wake da ido kamar jinjira, kuma na san kin sha yin dariya a ciki, kunya ce ta hana ki fitar da ita. Ita kaɗai na fito da ita daga gidan mijina. Ba tukunya, ba tabarma, ba ko ludayi. A gidana aka ƙyanƙyashe uwarta, da kakarta, da kakar kakarta, har a koma kan wata wake-wake da ta kwana bisa tsamiya a gidan ubana tun ina yarinya. Mijinki yana cewa zakarun maƙwabta sun daɗe da wanke wannan jini. Ya faɗi abin da yake so. Ni dai na san ranar da irin nan ya ƙare, ba sauran abin da zan nuna in ce daga can na fito.

Ƙauyenmu yana tsakanin ƙasar Rabah da ta Goronyo. A nan aka haife ni, a nan aka kai ni ɗaki, kuma ba zan faɗi sunansa ba, tunda suna kaɗai ya rage masa. Da dauri zakara ke tashinmu, bayansa ladan, bayan ladan taɓarya. In mata suka kama lugude daga wannan gida zuwa wancan, ko ido rufe kina iya cewa wance ce ke daka, don kowa da irin hannunta. Aikin 'yan mata ƙanana kaji ne. Mu ke zuba musu dusa, mu ke cika musu sakaina da ruwa, mu ke kama musu gara. Sai ki sami fasasshiyar tukunya ki cusa mata busasshen kashin shanu da guntayen kara, ki yayyafa ruwa, ki kife ta a bakin suri. Washegari kafin rana ta yi zafi ki ɗago ta, tana motsi fari fat, ki kawo ki zazzage wa 'yan tsaki. In inuwar shirwa ta gitta tsakar gida, uwar kaza kan yi wani irin kuka siriri, kafin ki ƙifta ido 'ya'yan sun ɓace ƙarƙashin rumbu, mu kuma mu fito muna ihu muna kaɗa zane. Yau kuwa a kwali ake kawo kaji cikin mota, farare, ba uwa ba uba, da allura da magani a ruwa. Ko shirwa ta sauko ta gaishe su ba za su ɗaga kai daga abinci ba.

Kakata, uwar ubana, ita ce mai kajin gidan. Gajera ce, busasshiya kamar kara, kullum da goro a kunci. Ba ta kulle kaza. In almuru ya yi da kansu suke hawa tsamiyar tsakar gida, reshe bisa reshe, ita kuwa ta ɗaure ƙayar magarya a gindin itacen, bakin ƙayar na duban ƙasa, don mai hawa ya sha wuya. Duk da haka muzuru kan ɗauki ɗaya jefi-jefi, kuma Kaka na cewa wannan rabon daji ne. Baba bai yarda da rabon daji ba. Wata shekara bayan girbi muzuru ya ɗauke masa wani jan zakara da yake ji da shi, sai ya kwaɓa ƙasa ya gina akurki mai kauri kamar rumbu, da ƙaramar ƙofa guda, ya mirgino tsohon dutsen niƙa na toshe ta. Kaka ta zo ta tsaya tana dubansa, hannu a ƙugu.

"Mi na na wanga?"

"Akurki na, Inna. Na gaji da ciyar da muzuru."

"Ƙohwa nawa gare shi?"

"Guda. Ƙohwa nawa aka yi ma akurki?"

Ta tofar da goro ta ce, "To ba akurki ba na, tukunya ta. Ka dahwa ma wani abinci, saura shi zo shi buɗe. Kaza ba ta da haure, ba ta da ƙaho. Gudu shi na makaminta, ka amshe."

Baba ya yi dariya ya ce tsufa ne. Daga ranar kullum da yamma sai mu yara mu bi kaji da gudu mu kama mu cusa su ciki. Guda ce ta gagare mu, wata wake-wake mai taurin kai, wadda kafin mu juyo ta kai ƙololuwar tsamiya. Baba ya ce a bar ta, muzuru zai koya mata hankali.

Safiyar da abin ya faru, ladan ne ya tashe mu, ba zakara ba. Baba ya wuce masallaci, ni ina bayan Kaka da sakainar dusa. Muka ga tulin sabuwar ƙasa a bayan akurki. Kaka ta ce in ja baya, ta ɗauki taɓarya, ta ture dutsen da ƙafa. Wari ne ya fara fitowa, wani irin ɗoyi haɗe da ƙarnin jini, sa'an nan shi. Dage ne, gajere mai faɗi, ƙasansa baƙi ƙirin, bayansa fari kamar an zuba masa toka, bakinsa duk gashin kaji. Ta ƙasa ya tona ya shiga, ya ci ya ƙoshi ya kwanta a kan gawarwaki. Kowace dabba in ta ga mutum gudu take yi, ban da wannan. Ya yi wani gurnani ya cafki ƙwaurin Kaka. Na ji ƙarar haƙori a ƙashi, ɗiyata, har yau in ana fasa ƙashin miya sai in tashi daga wurin. Kaka ta faɗi zaune amma ba ta saki taɓarya ba, tana narka masa a baya, a kai, a haƙarƙari, kamar mai dukan jiƙaƙƙen buzu, fatar na zamewa a jikinsa shi kuwa yana ƙara nutsa baki yana girgiza kai. Innarmu ta kwaso garwashi ta watsa masa, gashinsa ya kama ƙauri, bai saki ba. Jini ya bi ƙasa ya taho har yatsun ƙafata, na kasa gudu, na kasa kuka. Sai da Baba ya shigo da gatari. Ya sara, ya sake sara, har ya raba kan da gangar jiki, amma kan yana nan maƙale a ƙafar uwarsa. Da turken akuya aka ɓanɓare muƙamuƙin.

Da aka leƙa akurki ba a sami mai numfashi ba. Duk sun taru a lungu ɗaya, wata bisa wata, kawuna a cire. Ko rabinsu bai ci ba, kashewa kawai ya yi tunda ga su a gabansa ba inda za su. Ana zuba wa Kaka man kaɗe mai zafi a ciwon tana cije haƙori, sai ta dubi Baba ta ce, "Baƙonka ya zo, ya ci tuwo?" Da gatarin nan mai jini Baba ya rushe akurkin. Muna cikin haka sai ga wake-wake ta sauko daga tsamiya tana tone-tonenta kamar ba abin da ya faru. Kaka ta yi ɗingishi har ta koma ga Allah, kuma daga jikokin wannan kaza ta ba ni guda ranar da za a kai ni gidan miji.

Malam, uban mijinki, manomin gero da albasa ne. Mutum ne mai barkwanci, jikar Kaka yake kirana saboda na hana a gina akurki a gidansa. Mun yi zamani mai tsawo ba mu san wani abin tsoro ba sai kura da fari. Mutum kan kwana a gona, mace kan tafi Goronyo cin kasuwa a ƙafa ta dawo da almuru ba wanda ya tare ta. Sa'an nan aka fara jin labari daga nesa, an kore shanun wane, an ɗauke ɗan wane. Labarin ya yi ta matsowa har muka fara jin ƙarar babura da kunnenmu. Sai mazan gari suka yi shawara suka haƙa rami kewaye da ƙauyen, zurfinsa ya shanye mutum a tsaye, faɗinsa babur ba ya tsallakewa. Suka bar mashiga guda da ƙyauren ƙarfe, samari na gadi. Ranar da aka gama, Malam ya shigo duk jikinsa ƙasa yana murna.

Na ce, "Malam, tukunya kunka gina."

Ya ce, "Subhanallahi, jikar Kaka! Mu kaji na?"

"In mai bindiga yat tsaya ga ƙohwa, mi yar raba mu da kaji?"

Ya yi dariya har da tari. Amma bayan 'yan kwanaki na gan shi da jaki yana jan wani gungumen giginya, ya kai shi bayan gidanmu a bakin ramin, ya rufe da kara. Ya ce, "Ga ƙohwarki ta biyu. Kada ki hwaɗa ma kowa, kada a ce ni na buɗe ma ɓarayi hanya."

Da hantsi ɓarayin suka zo, lokacin da aka buɗe ƙyaure don amalanken albasa su fita. Ina tankaɗe na ji harbi, ba irin na bindigar maharba ba, wannan ba ya tsayawa. Suka kashe samarin ƙofa, wasunsu suka tsaya a nan, sauran suka shigo suna cinna wa rumbuna wuta. Kin san ƙafa hanyar da ta saba take bi. Duk garin ya kwasa zuwa ƙofa, mata da goyo, tsofaffi da sanda, su kuwa suna tsaye suna jira. Na gani ta tsakanin zana yadda na gaba ke zubewa na baya na hawa kansu. Waɗanda suka juya suka faɗa rami, ƙafafu suka kakkarye, aka bi bakin ramin ana harbinsu daga sama. Ramin da muka haƙa da hannunmu. Malam ya yaye kara ya tura gungumen shi kaɗai har ya gitta bisa ramin, ban san inda ya sami ƙarfin ba. Na haye da rarrafe, matan maƙwabta da 'ya'yansu na biye da ni. Na juyo na miƙa masa hannu, sai ya ce, "Tahi, mutane ba su san da hanyar ga ba." Ya koma cikin hayaƙi yana ihu, "Ku zo baya! Akwai hanya baya!" Ina kwance cikin sabara ina jin muryarsa tana nisa tana kira, mutane na ta hayowa, har na daina jin ta.

Dakata kaɗan.

To. Kusa da masallaci aka same shi, harsashi ta maƙogwaro, sara a hannu. Mijinki yana Goronyo wurin dako ranar, shi ya zo da masu zuwa binnewa, shi ya sa shi a ƙasa. Ni kuwa ina cikin sabarar nan na ji motsi kusa da kaina, na ce ajali ne ya iso. Ashe wake-waken nan ce da kike gani. Ba wanda ya ɗauko ta. Ta hau zana ta tashi ta tsallake ramin da fiffikenta, saboda tun da aka ƙyanƙyashe ta ba a taɓa rufe ta ba. Na rungume ta na toshe mata baki, da ita na iso Wurno.

Kin san sauran, amma ki rubuta. Gidan hayar nan na bakin fadama ba tsamiya, sai dogon yaro guda, ga tunku da muzuru kamar su ke biyan haya. Auta ya sayo fararen kaji ya haɗa da tawa da 'ya'yanta, ya kuma roƙi wani mai motar albasa ya kawo masa katakan nan daga shagon taki a Goronyo, waɗanda ake jera buhuna a kansu don damshin ƙasa kada ya taɓa su. Ni gadon buhu nake ce musu. Ya tsayar da su a gefe ɗaya bayan ɗaya, ya binne gindinsu, ya ɗaure su da waya a jikin dirkoki. Ya ɓalle allunan waɗanda suka karye ya toshe tsakanin na tsaye har ɗan yatsa ba ya shiga, ya rufe sama da raga da tsohon kwano. Aiki ya yi kyau, ba zan hana shi ba. Na zagaya na ga ƙofa guda da sakata. Da ya fita na ɗauki kalme na ɓalle katako ɗaya a can sama, daidai ƙarƙashin reshen dogon yaro inda shirwa ba ta iya kawo sura, na jingina sanda daga ciki zuwa kafar, na ɗaure ƙayar magarya a bakinta ta waje. Ya dawo ya buga ƙusa. Na sake ɓallewa. Kina tsaye da tsintsiya ranar da muka yi ta.

"Inna, don Allah mi kika so? In yi shinge ki huda shi?"

"Tukunya ka yi, Auta."

"Kullum tukunya! Da ƙyauren garinmu ya yi ƙarhi da ba su shigo ba. Da Baba na nan."

"Kai ka ga gungumen ga da idonka. Waɗanda sunka rayu, ta ƙyaure sunka hita?"

Ya jefar da guduma ya fita, bai ci tuwo ba ranar. Ban ga laifinsa ba. Shi gawar ya gani, ni hanyar na gani. Amma bai sake toshe kafar ba.

Da damina ta sauka na lura kajin sun tare a gindin katako suna ta tono suna caccaka. Na duƙa na ga gara. Icen nan ba na ƙasarmu ba ne, laushi gare shi kamar rogo, kuma an binne shi a jiƙaƙƙiyar ƙasa ba a shafa masa komai ba. Gara na ci daga ƙasa, kaji na tono daga ciki suna bin gara. Dama an ce kaza mai tone-tone ita ke tono wuƙar yanka ta. Na gaya wa Auta, ya ce zai karɓo baƙin mai wurin masu gyaran babur ya shafa. Yau ne, gobe ne, aiki ya sha kansa.

Ranar da kika tafi bikin suna a garin Magarya, ina rumfa da azahar ina tsintar shinkafa, sai na ji kukan nan siriri. Ban san lokacin da na ɗauki taɓarya ba. Tunku ne, dogo, toka-toka, wutsiya a buɗe, ya ture ruɓaɓɓen gindin katako ya shigo. Fararen nan sun taru a lungu ɗaya, wata bisa wata, yana bin su yana fasa kai yana jefarwa, jini na feshi a jikin katako. 'Ya'yan wake-wake kuwa sun bi sanda, ina ganinsu suna fita ta kafar suna faɗawa cikin dogon yaro. Uwar ce ta rage. Ta tsufa, ta yi nauyi. Ta yi tsalle ta kama sandar, ƙafa ta zame, ta faɗo, shi kuwa ya saki farar da ke bakinsa ya juyo ya damƙi wutsiyarta. Na zare sakata na shiga na ja ƙofar a bayana. Dukan farko ya same shi a ƙugu, ya saki kazar ya yi tsalle ya kama ni a nan, kin ga tabon, haƙoran suka haɗu ta cikin tafin hannu. Na buga hannun da shi gaba ɗaya a jikin dirka har ya faɗi. Ya nufi ramin da ya shigo, na tare da ƙafa, na danna masa kan taɓarya a gadon baya na hau da duk nauyina har na ji ƙashi ya ce ƙas. Ya mutu tun a nan, amma ban daina ba. Na yi ta dakansa kamar gero ina kuka ina zagi, ina faɗin maganganun da ban taɓa faɗi ba tun da na fito daga sabarar nan, har ba a gane kai da wutsiya. Ba tunku kaɗai nake duka ba, Allah ya sani.

A zaune cikin shingen Auta ya same ni da la'asar, zane duk jini. Ya dubi fararen da ke tule a lungu, ba wadda ta ko gwada sandar. Ya dubi ramin gara. Sa'an nan ya ɗaga kai. Wake-wake na can bisa reshe, wutsiya a tuje, 'ya'yanta kewaye da ita. Ya ɗaure mini hannu ya kai ni aka wanke aka yi allura. Da muka dawo ya ɗauki guduma ya nufi shingen, na ce a raina shi ke nan, zai toshe. Sai na ga ya zagaya ɗaya gefen, ya sa bakin guduma ya ɓalle wani katakon a sama. Ya tsaya riƙe da shi, bayansa gare ni.

Ya ce, "Inna, da gungume biyu Baba ya aza..."

Bai ƙarasa ba, ni ma ban ƙarasa masa ba. Muka zauna a ƙasa mu biyu muka yi kukan da ba mu taɓa yi tare ba. Washegari ya tone gindin katakan duka, ya shafe su da baƙin mai, ya ɗora su kan duwatsu, ya binne ƙaya a ƙarƙashi.

Wake-wake ta kwana biyu ba ta sauko ba, sai da yunwa ta sauko da ita. Yanzu ga ta can kwance kan ƙwai, ina jin na ƙarshe ne a wurinta. Ajiye alƙalamin nan haka, ɗiyata, idona ya gaji. Ɗauko fasasshiyar tukunyar can ta bayan madafa ki biyo ni bakin suri in nuna miki yadda ake kama gara. In ta ƙyanƙyashe, macen farko mai zanen uwarta taki ce. Ki ba ta dusa, ki ba ta ruwa, ki yi mata shinge in kina so. Amma ki bar mata kafa.